Baƙin Keken da Ya Ƙi Kayan Kasuwa

Akwai abin da yaron mai gyaran keke ke koya tun kafin a yarda ya riƙe sifana shi kaɗai. A ƙasan firam, inda sandar feda ta ratsa, akwai kofi biyu da ke riƙe da boris, ɗaya a kowane gefe. Na hagu kamar kowane noti yake, ka murɗa dama ya ɗauru. Na dama kuwa, wato na gefen sarƙa, baibai yake, sai an murɗa shi hagu. Haka yake a Raleigh, haka yake a Phoenix da Hero da sauran kekunan Sin da Indiya da suka cika kasuwar Sabon Gari. Dattijon da ke gyara mini keke a unguwarmu ya tsufa a kan wannan ƙa'ida, ba ta taɓa ba shi kunya ba sai a kan baƙin keken wani malamin firamare.

Malamin na cikin waɗanda suka jingine babur bayan an cire tallafin mai a 2023. Ya je wurin masu kekunan gwanjo ya zaɓi wanda ya fi sauƙin ɗagawa, don gidansu akwai dakali mai tsayi a ƙofar zaure. An shafe keken da baƙin fenti na burushi tun daga sama har ƙasa, an manna masa takarda a goshi mai ɗauke da sunan Raleigh. Na'urar canjin giya babu ita, an rage sarƙa an ɗora ta a kan haƙori ɗaya. Yana tafiya lafiya lau, sai dai bayan 'yan kwanaki feda ta fara ƙwanƙwasa. Dattijo ya duba ya ga kofin dama ya fito waje kaɗan. Ya sa sifana ya murɗa hagu don ya ɗaure, sai kofin ya faɗo masa a tafin hannu.

"Malam, wannan keken naka daga ina?" in ji shi.

"Daga kasuwa mana, Baba. Ba ga sunan nan a jikinsa ba?"

Dattijo bai ce komai ba. Ya aiki yaro ya sayo sabbin kofuna. Na dama ko kama zaren bai yi ba. Na hagu ya shiga zagaye ɗaya zuwa biyu, daga nan ya cije. A nan ne na same su, yaro ya ɗauko guduma, dattijo ya daka masa tsawa ya ajiye. Wannan tsawar ita ta ceci keken.

Zargin farko da ya zo wa dattijo mai ma'ana ne. Ya san tsofaffin Raleigh na asali, na birnin Nottingham a Ingila, suna da nasu zare na daban. Sauran masana'antun Ingila sun tsaya a kan layin zare 24 a kowane inci, Raleigh kuwa ta riƙe 26, shi ya sa kofin kasuwa kan cije a jikinsu. To ko wannan ma hakan ne? Amsar na hannunsa tun farko: ko a Raleigh ɗin Nottingham, kofin dama zaren hagu ne. Na malam na dama ne. Ban da haka, faɗin gidan feda a waɗancan Raleigh milimita 71 ne ko 76. Muka aro ma'aunin kauri mai baki biyu a wurin wani mai injin feƙe ƙarfe da ke bayan layin, muka auna, ya ba mu 68. Takardar goshin kuma da aka ɗaga ta da farce ta taso. Raleigh na wancan zamani alamar ƙarfe suke ɗauke da ita mai hoton kan zalɓe, kafaffiya da ƙananan ƙusoshi. Wannan takardar irin wadda ake sayarwa ce a daure tare da ƙararrawa da madubi.

Da sunan Ingila ya faɗi, wani saurayi da ke zaman shagon, wanda ke kallon tseren keke a waya, ya ce na Italiya ne. Ya ji cewa kekunan Italiya zaren dama suke da shi a gefe biyun, kuma gaskiyarsa. Raina ya so hakan ta tabbata, don Italiya ce gidan su Colnago da De Rosa da Bianchi, sunayen da masu sha'awar firam ɗin ƙarfe ke ambata da girmamawa. Amma ma'auni ba ya bin son rai. Gidan feda na Italiya faɗinsa milimita 70 ne, raminsa kuma 36. Kofin Ingila kaurinsa 34.8, saboda haka in ka sa shi a ramin Italiya zurmawa zai yi ba tare da ya taɓa zare ba. Na malam kuwa ya kama, ya zagaya, sannan ya cije. Ramin ya kusa daidai da na Ingila, bai dai kai ga zama shi ba.

Wannan "ya kusa" ɗin shi ya yi ta bin mu a duk inda muka taɓa. Malam ya ce tunda an kwance keken, a cire masa kan nan mai lanƙwasa ƙasa irin na 'yan tsere a sa miƙaƙƙe, don bayansa na ciwo. Aka kawo sabuwar sandar kai, ta ƙi shiga wuyan keken. Muka auna tsohuwar, 22.0. Sabuwar, 22.2. Aka zo cire hannun feda, abin zaro shi da ke shagon, mai kauri 22, ya yi ta lilo a cikin ramin bai kama ba. Bututun da sirdi ke zama a kansa ya ba mu 28.0 a maimakon 28.6 da aka saba. Har na fara tunanin duk abin da ke jikin keken an rage masa kauri ne, sai bututun sama ya ba mu 26.0, alhali na kekunan Ingila 25.4 ne. Wani wuri ya fi siranta, wani wuri ya fi kauri.

Na rubuta lambobin a bayan kwalin tif na zuba musu ido: 22, 26, 28. Babu ɗigo, babu ragowa. Lambobin da muka saba da su kuwa, 22.2 da 25.4 da 28.6, ba su da kyan gani a milimita saboda ba a milimita aka haife su ba. 25.4 inci ɗaya ne cif. 22.2 bakwai bisa takwas na inci ne, 28.6 kuma inci ɗaya da ɗaya bisa takwas. Wanda ya ƙera keken malam bai yi lissafi da inci ba sam, da mita ya yi. Ƙasar da ta ƙirƙiro tsarin mita a shekarun 1790, ta kuma nace a kansa har cikin zaren noti, ita ce Faransa. Zaren gidan feda na Faransa milimita 35 ne, tazarar layinsa milimita ɗaya, faɗin gidan 68, kuma dama ake murɗa kofunan biyu. Na Ingila 34.8 ne da tazarar 1.058. Bambancin ido ba ya ganinsa, sai zare ya yi zagaye biyu kafin ya tona kansa.

Yaron shagon ne ya kawo shaidar da ta rufe bakin kowa. Yana goge fedojin da kananzir ya ga harafi a jikin kowace sanda, ya ce ba R da L ɗin da ya sani ba ne. Ɗaya D, ɗaya G, wato farkon kalmomin dama da hagu a Faransanci. Da na Italiya ne, D da S za a gani. Zaren fedar ma nasu ne, milimita 14 da tazarar 1.25, kusa da na kasuwa amma ba shi ba.

Nan ma aka gane dalilin ƙwanƙwasar da ta kawo malam tun farko. In mutum na taka feda, nauyin ba ya tsayawa wuri ɗaya a jikin kofin, zagayawa yake yi. Ka sa taɓarya a turmi ka riƙa zagayawa da ita tana gogar bango, za ka ga ita kanta tana juyawa a hannunka, kishiyar inda kake kai ta. Haka kofin ke yi a cikin raminsa, kaɗan-kaɗan. A gefen sarƙa wannan juyin yana bin hanyar kwance zaren dama. Turawan Ingila sun kauce wa matsalar da zaren hagu, sai takawar ta zama ɗauri. Faransawa da Italiyawa sun zauna a kan zaren dama suka dogara da ƙarfin damtse, wato a ɗaure kofin tamau. A ganina nan Ingila ta fi su dabara, kuma Faransawa ma sun gane hakan a aikace. Motobécane ta koma wani tsari da ake dangantawa da Suwizalan, girman Faransa amma da zaren hagu a gefen sarƙa, sannan a shekarun 1980 masana'antun Faransa suka miƙa wuya ga tsarin Ingila. Japan da Indiya da Sin tun can shi suke bi, shi ya sa kayan da ke kasuwanninmu duk nasa ne. Zaren nan na Faransa kaɗai ya nuna mana keken malam ya girmi malam.

Da a ce ta dattijo za a bi, da magana ta ƙare a nan. An san ciwo, saura magani. Ni kuma abin da ya hana ni tashi shi ne rashin nauyin keken. Faransa ta ƙera kekuna masu araha bila adadin, na zuwa gona da na zuwa makaranta, kuma duk wannan zaren ne da su. Zare ya faɗi ƙasa, bai faɗi daraja ba.

Daraja a kaurin bangon bututu take, kuma akwai hanyar auna shi ba tare da an yanka firam ba. Sandar sirdi tana shiga cikin bututu ne daidai wa daida, saboda haka kaurinta shi ne faɗin ramin. Ta malam 26.4 ce. A cire wannan daga 28.0, a raba biyu, a bar ɗan sararin shiga, bangon bai wuce kimanin 0.7 na milimita ba. Ƙarfen gama-gari ba ya jure wannan siranta a keke, sai an ƙara masa kauri, shi ya sa sandar sirdin keke mai araha ke fin wannan siranta. Dattijo ya ɗalli tsakiyar bututun sama da farce, ya yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ɗalli kusa da mahaɗa, ƙarar ta dushe. Ban ɗauki wannan a matsayin hujja mai ƙarfi ba, don mahaɗar kanta na dusar da ƙara, amma ya dace da abin da nake zato. A 1897 Alfred Reynolds na Birmingham ya yi rajistar dabarar ƙera bututu mai kauri a baki biyu, inda ake haɗi da wuta, siriri a tsakiya inda ba a buƙatar nauyi. A 1935 kamfaninsa ya fitar da ƙarfen da ya sa wa suna 531, mai gaurayen manganis da molibdenum, wanda ya mamaye tseren keke shekaru da dama. Reynolds na yi wa Faransawa nasu a ma'aunin mita.

Sai muka koma kan mahaɗun, wato hulunan ƙarfen da bututu ke shiga a cika su da narkakkiyar tagulla. A kekunan da muka saba da su bakinsu a yanke yake kawai. Waɗannan kuwa, duk da kaurin fentin burushi, ana ganin bakinsu da lanƙwashe-lanƙwashe da ƙananan harsuna masu tsini. Samfurin Nervex Professional ke nan, na Faransa. Na yi murna da ganinsu, amma su kaɗai ba sa yanke hukunci, don maƙeran Ingila da na Amurka ma sun yi ta sayensu. Abin da suka tabbatar shi ne ba a sa irinsu a keken da aka yi don araha, saboda gogarsu da hannu na cin lokaci.

Kunnuwan baya, inda tayar ke zama, su ma ba yankakken faranti ba ne, bugaggen ƙarfe ne mai kauri. Da aka kankare fentin, ga suna ya fito: Simplex. Kamfanin Lucien Juy ne na birnin Dijon, wanda na'urorinsa na canjin giya suka cika kekunan Faransa, kuma tun 1962 ya fara yin su da roba mai tauri. Wataƙila wannan ne ya sa ta malam ta ɓace, don robar na tsagewa in ta tsufa. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan milimita 120 ce, ta zamanin haƙora biyar a baya, kafin a faɗaɗa zuwa 126 don shida a ƙarshen shekarun 1970. Babu ramukan ɗaura gorar ruwa a firam ɗin, wanda shi ma alamar tsufa ce. Hannun fedar da ya ƙi abin zaro na shagon, da aka goge shi, Stronglight ne, kuma tsofaffinsu raminsu 23.35 ne, ba 22 ba.

Yanzu zargi ya rage kan gidaje kaɗan. Peugeot da Gitane da Mercier duk sun fitar da kekunan tsere masu 531 da kunnuwan Simplex a wannan zamani. Gitane ba ƙaramin suna ba ne, a kansa Jacques Anquetil ya ci gasar zagayen Faransa a 1963 da 1964. Don haka ban yarda mu yi saurin kiran suna ba.

Malam ya ba da izinin a kankare fenti a wurare kaɗan. Dattijo ya ɗauki reza ya bi a hankali. A bututun ƙasa, ƙarƙashin baƙin, fari ne sol. A kan mahaɗun wuya, ƙarƙashin baƙin burushi akwai wani baƙin daban, mai santsi, na masana'anta. A ƙarshen ƙafafun gaba, ƙarfe mai ƙyalli ya fito. A ƙarshen sandunan baya ma haka. Farin jiki, baƙaƙen mahaɗun wuya na Nervex, ƙyalli gaba da baya: wannan ita ce shigar Peugeot PX-10 ta ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ƙyallin bayan yana da muhimmanci, domin ƙaninsa PR-10, wanda manyan bututunsa uku ne kawai na 531, a gaba kaɗai yake da shi. Da muka kifa keken muna neman lamba, ba mu sami lamba ba, sai ƙananan huji biyu a ƙasan gidan feda. A farkon shekarun 1970 Peugeot kan buga lambar keke a ɗan farantin alminiyom ta kafa shi a daidai wurin da ƙusoshi biyu. Farantin ya tafi, gurbinsa ya rage. Shekarar ƙira takamaimai ta tafi tare da shi, amma zamanin da gidan sun fito fili.

"Wai Peugeot mai mota?" in ji dattijo. "Ta Kaduna?"

"Ita fa, Baba. Ai keke ta riga yi kafin mota."

Mu nan da motar muka san zakin Peugeot, musamman bayan buɗe masana'antar harhaɗawa a Kaduna a 1975. Amma tun 1882 gidan Peugeot ke ƙera keke. PX-10 shi ne keken da ƙungiyar tserensu mai riga fara da zanen dara baƙi da fari ta shahara da shi. Ɗan Ingila Tom Simpson yana wannan ƙungiya ya zama zakaran duniya a 1965, kafin ya rasu a kan dutsen Ventoux ana tsakiyar gasar zagayen Faransa ta 1967. Eddy Merckx na Beljiyam ma a can ya yi 1966 da 1967, ya ci tseren Milan zuwa San Remo a shekarun biyu. Abin da ya bambanta PX-10 da manyan kekunan Italiya shi ne ba sai mai hali ba. Masana'anta ce ke fitar da shi da yawa, nauyinsa kimanin kilo 10, kuma matashi mai ƙaramin albashi na iya tara kuɗinsa. Masu tsananin son aikin hannu kan raina gogar mahaɗunsa, su ce da gaggawa aka yi. Na duba na malam, ba su yi ƙarya ba, akwai wurin da tagulla ta zubo ba a share ba. Wannan bai rage masa daɗin hawa ba ko kaɗan.

Masu sha'awar keke sun daɗe suna ba da labarin cewa Simpson da Merckx kan sa Faliero Masi na Milan ya ƙera musu firam, sannan a shafa masa fentin Peugeot don idon masu ɗaukar nauyi. Ashe sauya wa keke riga ba a kasuwar gwanjo aka fara ba. Ita ma takardar da aka manna wa na malam ba ta rasa ɗan ƙamshin gaskiya ba, ko da mai mannawar bai sani ba. Daga 1960 Raleigh ta shiga hannun rukunin Tube Investments, wanda shi ne mai Reynolds. Ƙarfen da ke jikin keken da sunan da ke goshinsa sun taɓa zama a gida ɗaya.

Gyaran bai ci kuɗi ba. An wanke tsofaffin kofunan, aka ga ba su cinye ba. Boris ɗin, abin mamaki, na kwata ɗin inci ne, irin wanda ke kowane shago, goma sha ɗaya a kowane gefe. Aka cika giris, aka ɗiga gam ɗin zare a kofin dama, dattijo ya zura fayif a sifana ya ɗaure shi iya ƙarfinsa, zuwa dama. Sabuwar sandar kai aka goge ta da samfefa a hankali, ana gwadawa, har ta rage ɗigo biyun nan ta shige ba tare da duka ba. Canjin ma alheri ne, domin tsofaffin sandunan kai na Faransa, musamman na AVA, sun yi ƙaurin suna wajen tsagewa. Fedojin aka bar su, ran da suka gaji mai injin feƙe ƙarfe zai buɗe zaren zuwa na kasuwa, aiki ne na mintuna. Saurayin mai waya ya so a mayar da keken yadda ya fito daga masana'anta, a rataye shi. Malam ya ce shi makaranta zai je da shi, ya kuma sa a ɗaura masa kariya don littattafan yara. Na goyi bayansa, firam irin wannan tsatsa ce ke kashe shi, ba hawa ba.

Kwantenonin gwanjo na ci gaba da sauke tsofaffin kekunan Turai, kuma waɗanda ke biyowa ta Kwatano da Maradi ba a rasa na Faransa a cikinsu. Masu gyara, in kofi ya zagaya sau biyu ya cije, ku dakata ku auna kafin ku kira guduma, don zaren da aka murƙushe ba ya dawowa. Masu saye kuma, duk abin da aka cire daga jikin irin wannan keke, kofi ne ko noti ko sandar sirdi, ku karɓi kayanku ku adana, domin ba za ku sami madadinsa a Sabon Gari ba.